Kyamarar Gida a Waya: Wa Kuma Yake Kallo?

Gidaje da shaguna da dama a cikin birni, daga Kurmi zuwa Ƙofar Wambai, sun sa kyamarar tsaro. Abin da ya fi burge mai gida shi ne ya buɗe wayarsa yana kasuwa ya ga ƙofar gidansa. Mu 'yan kulob ɗin jarida muka ce bari mu bincika yadda hoton yake fita, domin inda ya bi ya fita, ta nan baƙo zai iya shigowa.

Rauta, wato akwatin da ke raba Wi-Fi a gida, aikin ganuwa take yi. Na ciki zai iya aikawa waje, amma na waje ba ya shigowa sai an buɗe masa. Ƙofofinta masu lamba sun kai 65,535. Wasu masu haɗa kyamara sukan buɗe ɗaya su bar ta haka dare da rana, ba Sarkin Ƙofa, ba mai tambayar "wane ne?". Kada mu ce wa ya san da mu a lungun nan. Akwai kwamfutocin da ba su da aiki sai ƙwanƙwasa adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya, ko na Kano ne ko na Landan.

A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama na'urori kusan 600,000, da yawansu kyamarori da na'urorin naɗar bidiyo. Makaminta kalmomin sirri kusan 60 ne kawai, irin "admin" da "12345" da kamfani ke sawa, masu kaya ba su canza ba. Ranar 21 ga Oktoba aka yi amfani da su aka hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix.

Don haka a canza kalmar sirrin tun ranar farko, a sa doguwa, ban da lambar wayar Baba. A kashe UPnP a rauta, domin shi ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa. A riƙa sabunta manhajar kyamarar. Abin da ya fi mana shi ne VPN, irin WireGuard ko Tailscale. Kamar zaure yake: wayar da ba ta da makullin gidan, nan za ta tsaya, ko tsakar gida ba za ta hango ba.

Kyamarar kuwa ta fuskanci ƙofa da lungu, kada ta kalli inda iyayenmu mata ke zama. Idan mai haɗawa ya gama aiki, a canza kalmar sirrin da ya sani kafin a kwana.