Ƙarfin 'Yan Sanda da Baƙar Fata a Amurka: Abin da Mutuwar George Floyd Ta Tona

Da yawa daga cikinmu mun ji sunan George Floyd a rediyo a shekara ta 2020. Wasu sun yi tambaya: yaya aka yi ɗan sanda ya kashe mutum da rana tsaka, a gaban jama'a, a ƙasar da ake cewa tana da doka da oda? A wannan fitowa za mu duba abin da ya faru, da tushen matsalar, da kuma abin da ya sa gaskiya ta fito.

Abin da ya faru

Ranar 25 ga watan Mayu, 2020, George Floyd, baƙar fata mai shekara 46, ya sayi sigari a wani kanti a birnin Minneapolis na jihar Minnesota. Masu kantin suka yi zaton takardar dala 20 da ya bayar jabu ce, sai suka kira 'yan sanda. Aka sa masa ankwa, aka kwantar da shi rubda ciki a kan titi. Wani ɗan sanda farar fata, Derek Chauvin, ya danne masa wuya da gwiwa har minti tara da daƙiƙa 29. Floyd ya faɗa fiye da sau ashirin cewa ba ya iya numfashi. Mutanen da ke tsaye a wurin suka yi ta roƙon ɗan sandan ya ɗaga, amma bai ɗaga ba, har Floyd ya daina motsi.

Sanarwar farko da 'yan sandan birnin suka fitar ta ce mutumin ya mutu ne bayan wata rashin lafiya ta kama shi a lokacin da ake kama shi. Ba ta ambaci gwiwa ba. Amma wata yarinya 'yar shekara 17, Darnella Frazier, ta ɗauki komai da wayar hannunta, ta sa a Facebook. Washegari aka kori 'yan sanda huɗun da ke wurin daga aiki, mutane kuma suka fito zanga-zanga a dukan jihohi 50 na Amurka da ƙasashe da dama.

Ba shi ne na farko ba

Fushin jama'a ya yi yawa ne domin sun sha ganin irin wannan.

A 1991 an ɗauki hoton bidiyo na 'yan sandan Los Angeles suna dukan Rodney King da kulake. Da kotu ta sake su a 1992, tarzoma ta ɓarke, mutane fiye da 50 suka mutu.

A watan Fabrairu na 1999 abin ya faɗa kan ɗan Afirka ta Yamma. Amadou Diallo, saurayi ɗan ƙasar Gini mai shekara 23, yana sayar da kayan koli a birnin New York. Yana tsaye a ƙofar gidansu da dare, sai 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tunkare shi. Da ya sa hannu ya ciro 'yar jakar kuɗinsa, suka ce sun zaci bindiga ce. Suka yi harbi 41, harsashi 19 suka same shi. Ba shi da makami ko ɗaya. A shekara ta 2000 kotu ta wanke su duka huɗu.

A 2014, a New York kuma, wani ɗan sanda ya shaƙe Eric Garner a kan zargin sayar da sigari kara-kara ba bisa ƙa'ida ba. Shi ma ya yi ta cewa ba ya iya numfashi, ya mutu. Ba a gurfanar da ɗan sandan a kotu ba, sai a 2019 aka kore shi daga aiki. A wannan shekara ta 2014 aka harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, a birnin Cleveland, yana wasa da bindigar roba.

Abin da ƙididdiga ta nuna

Jaridar Washington Post ta fara ƙirga waɗanda 'yan sandan Amurka suka harbe har lahira tun daga 2015. Ta samu wajen mutum dubu a kowace shekara. Farar fata sun fi yawa cikin waɗanda aka kashe, domin su ne suka fi yawa a ƙasar. Amma baƙar fata, waɗanda ba su wuce kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari na jama'a ba, su ne wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mamatan. Wani bincike da malaman jami'a suka wallafa a 2019 ya ce cikin maza baƙar fata dubu, wajen mutum ɗaya zai mutu a hannun 'yan sanda, wato ninki biyu da rabi na haɗarin da ke kan namiji farar fata.

Wasu suna cewa ba wariya ba ce. Suna cewa 'yan sanda sun fi yawan aiki a unguwannin talakawa inda laifuffuka suka fi yawa, kuma bindigogi sun cika ƙasar, saboda haka ɗan sanda kullum a tsorace yake. Akwai gaskiya a cikin wannan, aikin yana da haɗari ƙwarai. Sai dai bai amsa komai ba. Masu bincike na Jami'ar Stanford sun duba lokuta kusan miliyan 100 da 'yan sanda suka tsayar da direbobi. Suka ga cewa idan duhu ya yi, lokacin da ba a ganin fuskar direba daga nesa, kason baƙar fata cikin waɗanda ake tsayarwa yana raguwa. A garin Ferguson na jihar Missouri kuwa, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta bayyana a 2015 cewa baƙar fata su ne kashi 67 cikin ɗari na mazauna, amma su ne kashi 93 cikin ɗari na waɗanda aka kama.

Daga ina wannan ya fito?

Tushen abin yana da nisa. An bautar da 'yan Afirka a Amurka fiye da shekara ɗari biyu, har zuwa 1865. A jihohin kudu akwai 'yan sintiri da aikinsu shi ne tsare bayi a hanya, su tambaye su takardar izini, su kuma kamo waɗanda suka gudu. Bayan an hana bauta, aka kafa dokokin wariya: makaranta dabam, wurin zama a mota dabam, har famfon shan ruwa dabam. 'Yan sanda ne aka ɗora wa tilasta waɗannan dokoki. A 1963, a birnin Birmingham, an saki karnukan 'yan sanda a kan yara da matasan da suka fito daga majami'u suna tafiyar lumana ƙarƙashin jagorancin Fasto Martin Luther King. Sai a 1964 aka yi dokar da ta haramta wariya.

Ana iya soke doka a rana ɗaya, amma zato ba ya fita daga zuciya haka. Idan mutum ya tashi yana jin cewa baƙin namiji abin tsoro ne, to idan ya ga hannu ya shiga aljihu, bindiga zai gani, ba jakar kuɗi ba. Wannan zato ba a kan farar fata kaɗai ya tsaya ba. A watan Janairu na 2023, 'yan sanda biyar da suka yi wa Tyre Nichols dukan da ya kai shi lahira a birnin Memphis duk baƙar fata ne. Wannan ya nuna cewa horon da ake ba su da al'adar aikin suna da hannu a ciki.

Shi ya sa iyaye baƙar fata da yawa suke zaunar da 'ya'yansu maza su koya musu: idan ɗan sanda ya tsayar da kai, ka bar hannuwanka a kan sitiyari, kada ka yi gardama, kada ka sa hannu a aljihu sai ka faɗa masa tukuna.

Me ya sa hukunta ɗan sanda yake da wuya?

Dalili na farko shi ne doka. A 1985 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce ba a harbin mai gudu sai in yana da haɗari ga ran wani. Amma a 1989 ta ce za a auna ƙarfin da ɗan sanda ya yi amfani da shi ne ta idon ɗan sanda mai hankali da ke wurin a wannan lokaci. Saboda haka idan ya ce ya ji tsoron rasa ransa, sau da yawa kotu takan yarda.

Na biyu, Amurka ba ta da rundunar 'yan sanda guda ɗaya. Akwai hukumomi kusan 18,000, kowace da nata horo da ƙa'idodi. Wanda aka kora a wannan gari yana iya samun aiki a gari na gaba.

Na uku, lauyoyin gwamnati suna aiki da 'yan sanda kowace rana, 'yan sanda kuma ba safai suke ba da shaida a kan junansu ba.

Abin da ya bambanta shari'ar Floyd

A wannan karo shaidu sun tsaya. An nuna bidiyon yarinyar a kotu. Mutanen da suka tsaya a bakin titi suka zo suka faɗi abin da suka gani, wasu suna kuka. Shugaban 'yan sandan birnin da kansa, Medaria Arradondo, ya shaida cewa abin da Chauvin ya yi ya saɓa wa horonsu. Ranar 20 ga Afrilu, 2021, aka same shi da laifin kisa, daga baya aka yanke masa ɗaurin shekara 22 da rabi. Sauran ukun, waɗanda ba su hana shi ba, su ma an ɗaure su. Birnin ya biya iyalin Floyd diyyar dala miliyan 27.

Bayan haka birane da jihohi da dama sun hana shaƙe wuya, sun kuma wajabta wa ɗan sanda ya hana abokin aikinsa in ya wuce gona da iri. Amma gyaran bai kai ko'ina ba. Dokar ƙasa da aka sa wa sunan Floyd ta wuce Majalisar Wakilai a 2020 da 2021, ta maƙale a Majalisar Dattawa. A 2023 Ma'aikatar Shari'a ta ce 'yan sandan Minneapolis suna nuna wariya ga baƙar fata, amma a 2025 sabuwar gwamnati ta janye daga shirin sa musu ido ta hanyar kotu. Yawan waɗanda 'yan sanda suke kashewa a shekara kuma bai ragu ba a shekarun da suka biyo bayan 2020.

Darnella Frazier ba ta da muƙami, ba ta da ƙarfin ture ɗan sandan. Ta tsaya ne kawai, ba ta kau da kai ba, daga baya ta faɗi gaskiya a gaban alƙali. Da ba ta yi haka ba, mai yiwuwa da sanarwar farko ce duniya za ta sani har yau.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa 'yan sandan da suka tare Amadou Diallo suka ga bindiga inda babu ita?
2. Akwai mutanen da mukan yi wa mummunan zato saboda kamanninsu, ko yarensu, ko inda suka fito?
3. 'Yan sanda uku sun ga abin da ake yi wa Floyd, ba su hana ba. Daidai ne da aka hukunta su?
4. Mene ne yake hana mutum ba da shaidar gaskiya a kan mai iko, kuma yaya jama'a za su tsaya wa wanda ya yi ƙarfin hali ya ba da ita?