Baƙinmu na Nijar da Maganar Takardar Izinin Zama da Aiki

Ran 29 ga watan Janairu, 2025, Jumhuriyar Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga Ƙungiyar Raya Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS. A ranar nan ce ƙungiyar ta ba da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na mutanen ƙasashen uku masu ɗauke da tambarinta, a kuma bar su su shiga, su zauna, su yi sana'a kamar dā, har sai an sake ba da wani umurni. Wannan ƙarshen jimla ita ce abin lura. Abin da yake dā haƙƙi ne rubutacce cikin yarjejeniya ya koma alfarma ta wucin gadi, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Maganar ta shafi kudancin Jihar Kano ƙwarai. Tun zamanin farin 1973 da 1974, sa'ad da dabbobi suka halaka a ƙasashen Sahel, mutanen Damagaram da Maraɗi da Tawa, Hausawa da Buzaye da Fulani, suka riƙa kwararowa kudu neman abinci. A daidai wannan lokaci ne gwamnatin Audu Bako ta gama gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, a shekarar 1974, noman rani ya buɗe, ana bukatar hannuwa. Daga nan hanya ta miƙe. Wanda ya bi ta Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru ya nufi Tudun Wada da Doguwa zai tarar da su a gonakin shinkafa da masara, da wajen haƙar rijiya, da gadin shaguna, da sayar da shayi, da kiwo a gefen dajin Falgore. Waɗansu ci-rani suke zuwa su koma gida da faɗuwar ruwan sama. Waɗansu kuwa sun yi aure, sun haifu, 'ya'yansu ba su san wani gari ba.

Harshe ɗaya, addini ɗaya, sutura ɗaya. Saboda haka da yawa daga cikinsu ba su taɓa jin bukatar riƙe wata takarda ba. Doka kuwa ba ta duba harshe, takarda take nema.

Abin da yarjejeniya ta tanada

A watan Mayu na 1979 shugabannin ECOWAS suka sa hannu a birnin Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a, aka kasa ta mataki uku. Na farko ya ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba, muddin yana riƙe da takardar tafiya mai inganci, ya zauna har kwana 90. Na biyu, wanda aka amince da shi a 1986, shi ne izinin zama da neman aiki. Na uku, na 1990, shi ne izinin kafa sana'a ko kamfani. Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne tsakanin na farko da na biyu: shigowa ba ta bukatar izini, amma zaman da ya wuce kwana 90 yana bukatar rajista da katin zama daga Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya. Wanda ya zarce wa'adin bai nemi katin ba ya zama baƙon haure a idon doka, ko da kuwa limamin unguwa ne ya raɗa wa 'ya'yansa suna.

Darasin 1983

Dattawa ba su manta ba. Ran 17 ga Janairu, 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida na gwamnatin Shugaba Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar; daga baya aka ƙara wa masu ƙwararren aiki wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu. Kuɗin man fetur ya ja baya, aiki ya yi wuya, kuma tarzomar Maitatsine ta Disamba 1980 a Kano ta riga ta sa ana yi wa baƙi kallon zargi. An ƙiyasta mutum wajen miliyan biyu ne suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran daga Nijar da Cadi da Togo da Benin da Kamaru. A 1985 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sake yin irin wannan kora. Kafin duk wannan, a ƙarshen 1969, gwamnatin Dokta Busia ta Gana ta kori baƙi marasa takarda, cikinsu har da Hausawa fataken goro da suka shekara da shekaru a zangon Kumasi. A duk lokutan nan uku, wanda ya fi shan wuya shi ne talakan da ya dogara ga sanayya da maƙwabtaka, ya baro gona da kaya a hannun wani.

Kariya ta wucin gadi

Akwai kuma baƙon da ba neman kuɗi ya fito da shi ba, yaƙi ne. Irin wannan ba ofishin shige da fice kaɗai zai nufa ba. Akwai Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Ƙasa, wadda aka kafa da Doka mai lamba 52 ta 1989. Mai neman mafaka yakan gabatar da kansa, a rubuta bayaninsa, a ba shi takardar shaida ta wucin gadi, sa'an nan a zauna a duba ƙararsa. Muddin ana dubawa, ƙa'idar duniya ta hana a mayar da shi inda ya guje wa halaka. Idan jama'a suka kwararo da yawa a lokaci guda, gwamnati kan ba su kariya a dunƙule na ƙayyadadden lokaci, kamar yadda aka yi wa mutanen Kamaru da suka tsallako zuwa jihohin Kuros Riba da Binuwai da Taraba tun daga 2017.

Ƙasar Amurka ma tana da irin wannan tsari tun 1990. Takan ba mutanen wata ƙasa da yaƙi ko bala'i ya auka mata izinin zama na wata 6 zuwa wata 18, ana iya sabuntawa, kuma mai son yin aiki sai ya cika wata takarda dabam ta neman izinin aiki. Tsarin ba ya kai mutum ga zama na dindindin. 'Yan Kamaru sun samu wannan kariya a 2022, amma a 2025 aka ba da sanarwar janye ta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa hannun da ya ba da alfarma yana iya karɓe ta.

Abin da ya kamata a yi

Baƙon da ya yi niyyar zama ya fara da mallakar fasfo ko takardar tafiya daga hukumomin ƙasarsa, ya shigo ta ƙofar da aka sani, kamar Jibiya ko Kongolam ko Maigatari, a buga masa hatimi. Kafin kwana 90 su cika ya je wurin jami'in shige da fice na ƙaramar hukumar da yake zaune, ko babban ofishi a Kano, da hotunansa, da wasiƙar wanda ya ɗauke shi aiki in akwai. Ya biya abin da gwamnati ta ƙayyade ya karɓi rasit, ya guji 'yan kamasho masu alkawarin takarda ta bayan gida. Ya lura da ranar da katinsa zai ƙare, ya sabunta tun da sauran lokaci. Abu mafi haɗari shi ne ya yi ƙaryar cewa shi ɗan ƙasa ne don ya sami takardar asali ko katin zaɓe. Wannan laifi ne da ke kai mutum kurkuku, ya kuma jawo wa 'yan'uwansa baƙin jini.

Ma'aikatan ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da dagatai da masu unguwanni, su ne suka san wa ya sauka a gidan wa. Wajibi ne su faɗakar da baƙi cikin mutunci, kada su mai da rashin takarda hanyar tatsar talaka. Manomin da ya ɗauki ɗan ƙwadago ya taimake shi da wasiƙar shaida, ya kuma biya shi haƙƙinsa cikakke, domin wanda ba shi da takarda tsoron kai ƙara yake yi, kuma cin guminsa zalunci ne. Ɗalibai kuwa, su da suka iya karatu, su karanta wa maƙwabtansu abin da doka ta ce.

An rufe iyakar Nijeriya da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Wanda ya ga haka ya san lamarin gwamnatoci kan juya cikin dare ɗaya. Tun ran gini ran zane. A nemi takarda yanzu da ƙofa take buɗe. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.