Sallama ba amsa: abin da ke faruwa a bayan da'irar nan mai juyawa

A wani shagon intanet da ke Gwagwalada, wata Talata da hantsi, na zauna kusa da wani dattijo da 'yarsa. Daga wani ƙauye ta wajen Kwali suka taso, suka biya kuɗin mota, domin yarinyar ta shiga shafin wata makaranta ta ciro takardarta. Yaron shagon ya rubuta sunanta da lambar sirrinta, ya danna. Sai wata 'yar da'ira ta fito a tsakiyar allo tana juyawa. Janareta na ta ruri a waje, ita kuwa da'ira ba ta fasa juyi ba.

"Ɗan samari, ya shiga ne?" in ji dattijon.

"Baba, yana lodi."

"Lodin me?"

Yaron ya sosa ƙeya. "Wallahi Baba ban sani ba. Ƙila netwok ne, ƙila kuma sabarsu ce."

Ya sake dannawa, ya kuma sakewa. Can sai wani farin shafi ya fito da ɗan rubutun Turanci da lamba 504. Dattijon ya gyara zaman hularsa, ya ce wa 'yarsa su tashi, Allah ya kai mu gobe. Goben nan kuwa wani kuɗin motar ne, da wani yinin gona da zai tafi a banza.

Tambayar dattijon tana da amsa, kuma wannan ne ya hana ni mantawa da ita. A daidai lokacin da da'irar ke juyawa, babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda ake kira saba, ta san inda aiki ya tsaya. Ba a dai koya mata ta faɗa ba ne. A gidajenmu idan baƙo ya yi sallama a zaure, ko maigida na banɗaki, za a turo yaro ya ce ana zuwa. Wanda ya yi sallama sau uku bai ji motsi ba, ya san juyawa zai yi. Yawancin shafukan da talaka ke mu'amala da su ba su da wannan ladabin: ba a ce maka shigo ba, ba a ce jira ba, ba a kuma ce tafi ka dawo ba.

Asalin matsalar tana cikin yadda aka gina shafukan intanet tun farko. Ƙa'idar da Tim Berners-Lee ya tsara a cibiyar bincike ta CERN da ke Turai, tsakanin 1989 da 1991, tambaya ɗaya ce da amsa ɗaya. Wayarka ta aika buƙata, ta yi shiru, saba ta gama aikinta ta maido da amsa. A wancan zamani abin da ake nema takarda ce da ke ajiye, saboda haka ba a daɗewa. Yau kuwa danna maɓallin shiga tamkar aika ɗan aike ne ofisoshi huɗu ko biyar. Saba za ta duba sunanka a rumbun bayanai. Za ta gwada lambar sirrinka, kuma da gangan ake sa wannan gwaji ya ɗan ja lokaci don ɓarawo ya kasa gwada miliyoyin lambobi a jere. Daga nan wataƙila ta tuntuɓi hukumar NIMC ta tabbatar da lambarka ta NIN, ko ta tambayi NIBSS batun BVN, ko ta leƙa Remita ta ga ko kuɗinka ya shiga. Sannan ta roƙi kamfanin waya ya turo maka lambar tabbatarwa ta saƙon tes. Kowane ɗayansu da sabarsa, da nasa cunkoson. Idan guda ɗaya ya yi nawa, kowa ya tsaya. Akwai kuma wata manhaja mai gadin ƙofa tsakaninka da saba, wadda galibi ke haƙuri na daƙiƙa sittin kacal. In amsa ba ta zo ba sai ta yanke layi ta nuna 504, wato na jira na ciki har na gaji. Lambar da dattijon Kwali ya gani ke nan.

Abuja ce matattarar da yawa daga irin waɗannan ƙofofi. NIMC tana Wuse, JAMB tana Bwari, hukumar NYSC tana Maitama, INEC ma haka, hukumar shige da fice kuma tana Sauka a kan hanyar filin jirgi. Miliyoyin mutane daga Sakkwato zuwa Kalaba ta waɗannan shafuka suke ganin gwamnati, kuma ba su cika zuwa ɗaiɗai ba. Masu neman rubuta jarrabawar JAMB sun kai kimanin miliyan biyu a 2025, kuma tun 2021 sai da NIN ake rajista, wato kowane ɗalibi sai bayaninsa ya ratsa kamfanin waya da JAMB da NIMC. Mun kuma ga abin da ya faru a Disambar 2020, lokacin da gwamnati ta ba da wa'adin mako biyu a haɗa layukan waya da NIN: jama'a suka yi dafifi a ofisoshin NIMC ana tsakiyar annobar korona, har sai da aka yi ta ɗage wa'adin. Irin wannan turmutsutsun yana faruwa a ƙofar saba ma, ido ne kawai ba ya ganinsa.

Shirun kansa yana ƙara cunkoson. Wanda bai san halin da ake ciki ba zai sake dannawa, kuma kowace dannawa sabuwar buƙata ce a kan sabar da tun farko numfashi take da ƙyar. Mutum dubu goma da suka danna sau biyar-biyar sun zama dubu hamsin. In ko shafin na biyan kuɗi ne, sai a cire wa mutum sau biyu, ya koma zaryar banki. Masu POS da suka sha wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023 sun san wannan a jikinsu: an ciri kuɗi a nan, alat bai zo can ba, mai saye da mai sayarwa na kallon juna babu mai iya rantsuwa a kan inda kuɗin yake.

Maganin ba sabon abu ba ne. Dabarar ita ce a raba karɓar aiki da gama shi. Da ka danna, saba ta amsa nan take cewa ta karɓa, ta ba wayarka wata lamba, kamar 'yar takardar layi da ake bayarwa a banki. Tana aiki tana rubuta inda ta kai a ƙarƙashin wannan lamba. Abin da ya rage shi ne yadda labarin zai iso allonka, kuma hanyoyi uku aka fi bi. Ta farko, shafin ya riƙa tambaya a ɓoye duk bayan daƙiƙa biyu ko uku, kamar yaron da ake aikawa wurin tela ya ji ko an gama ɗinki. Wannan ta samu ne da dabarar da aka raɗa wa suna Ajax a 2005, wadda ke barin shafi ya yi magana da saba ba tare da an sake loda shi gaba ɗaya ba. Ta biyu, a bar layi ɗaya a buɗe saba ta riƙa jefo labari duk sanda aka samu ci gaba, kamar rediyo, kuma in layin ya katse manhajar buɗe shafi tana sake haɗa shi da kanta. Ta uku ita ce WebSocket, wadda aka kammala ƙa'idarta a 2011, inda ɓangarorin biyu ke magana lokaci guda kamar a waya. Ita ta dace da hira da wasanni. Don shiga shafi kuwa, a ƙasar da sabis ke ɗaukewa da zarar ka wuce Zuba, ni a ganina ta farko ko ta biyu sun wadatar, sun fi sauƙin gyara, kuma saƙon da suke ɗauka bai kai nauyin ɗan ƙaramin hoto ba balle ya cinye data.

Da an yi haka, ga abin da yarinyar nan za ta karanta wa mahaifinta: an karɓi bayananki. Ana tabbatar da lambar shaidarki. Wurin tabbatarwa ya cika, kada ki sake dannawa, mutum ɗari uku ne a gabanki. Ko ma a ce mata yanzu ba zai yiwu ba, ta gwada bayan la'asar. Ko wannan na ƙarshen alheri ne, don da sun tafi kasuwa sun dawo.

Masana sun daɗe da auna haƙurin ɗan Adam a gaban allo. Jakob Nielsen ya bayyana a 1993 cewa abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba mutum na ɗaukarsa nan take, daƙiƙa ɗaya ba ta katse tunani, amma in aka haura goma hankali ya tafi wani wuri, dole a nuna masa inda aka kwana. A 2011 Ryan Buell da Michael Norton na jami'ar Harvard sun gano cewa mutane sun fi daraja shafin da ke nuna musu aikin da yake yi, ko da ya ɗan fi jinkiri. Sai dai wasu sun karkatar da wannan darasi, suna zana sandar da ke cika har kashi casa'in da tara bisa agogo kawai, ba tare da ta san komai game da saba ba. Wannan yaudara ce, kuma ta fi shiru muni, domin wanda aka yi wa sau biyu ba zai ƙara yarda da allo ba ko da ya faɗi gaskiya.

Akwai kuma iyakar abin da ya kamata a faɗa. Shafin da ke cewa sunan nan yana nan amma lambar sirrin ce ba daidai ba ya yi wa ɓarawo rabin aiki. Haka wanda ke zubo sunayen injunansa da kurakuran cikinsa a fili. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Mai jira yana buƙatar sanin matakin da ake, da ko laifin daga wajensa ne, da abin da zai yi yanzu. Fiye da haka ba nasa ba ne.

Babban misalin tsadar shiru a ƙasar nan shi ne ranar zaɓen 25 ga Fabrairun 2023. An yi wa 'yan Najeriya alkawarin ganin sakamakon kowace rumfa a shafin IReV na hukumar zaɓe ta INEC. Na 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi, kuma awanni suka shuɗe jama'a na kallon shafi babu bayani. Sai a rahoton da INEC ta fitar a Fabrairun 2024 aka ji dalla-dalla cewa kuskure ne a tsarin saba ya hana takardun zaɓen shugaban ƙasa samun wurin zama. Ko mutum ya gamsu da wannan bayani ko bai gamsu ba, ya zo ne bayan zargi ya riga ya yi saiwa, an je kotu an dawo. Ban ce layi biyu a kan allo za su kashe rigimar siyasa ba, amma da an faɗa a daren abin da ya lalace da lokacin da ake sa ran gyarawa, da jita-jita ba ta samu fili ita kaɗai ba.

Kirana ga hukumar NITDA, wadda ke tsara ƙa'idojin fasahar zamani ga ma'aikatun gwamnati, da Galaxy Backbone mai riƙe da da dama daga cikin injunansu, shi ne su sa wannan cikin sharuɗɗan kwangila: duk aikin da zai wuce daƙiƙa goma, shafi ya faɗi inda ya kai, daga bakin saba, ba daga agogo ba. A kuma rubuta saƙon da Hausa da Yarabanci da Ibo bayan Turanci, tunda bai wuce jimla goma ba. Ku kuma matasanmu masu rubuta manhaja a Wuse da Garki da Kano, kafin ku miƙa aiki, ku gwada shi da tsohuwar waya a wurin da sabis ke da sanda ɗaya, ku duba ko mahaifinku zai gane abin da allon ke faɗa masa.