Asalin Majigin Yaƙi Da Yadda Ake Auna Gaskiyarsa

Tun kafin motar majigi ta fara zaga garuruwan Arewa, mutanen Turai sun saba da majigin labarai, watau gajerun hotuna masu motsi na abubuwan da suka auku a mako. Kamfanin Pathé na Faransa ya soma nuna irinsa a Ingila a 1910. Ba murya, ba launi, sai 'yan kalmomin da ake rubutawa tsakanin hoto da hoto don bayani.

Wahalar Ɗauka

Akwatin ɗaukar hoto na wancan zamani na katako ne, mai nauyi, ana kafa shi bisa ƙafa uku, ana juya shi da hannu. Wanda ya tsaya da shi a filin daga ya zama abin bara ga abokan gaba. Saboda haka waɗansu kamfanoni suka shiga dabara. Sa'ad da Ingila ke yaƙi da Turawan Boer a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, kamfanin Mitchell da Kenyon ya sa mutane suka yi shigar soja a karkarar Blackburn, cikin Ingila, ya ɗauke su kamar suna fafatawa a bakin daga.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, Lord Kitchener, Ministan Yaƙi, ya hana masu ɗaukar hoto kusantar fagen fama. Don haka abin da jama'a suka fi gani shi ne kurata suna fareti da rawar daji. A Disamba 1915 aka fito da Britain Prepared, wanda ya nuna horar da sababbin soja, da jiragen ruwa na yaƙi, da ƙera makamai. Nufinsa ƙarfafa zukata da jawo ra'ayin ƙasashen da ba su shiga yaƙin ba.

Majigin Kogin Somme

A ƙarshen 1915 hukuma ta sassauta. Ran 1 ga Yuli 1916, da sojan Ingila suka far wa Jamus a kusa da Kogin Somme a Faransa, akwai masu ɗaukar hoto biyu tare da su, Geoffrey Malins da John McDowell. Da ƙarfe 7.20 na safe Malins ya ɗauki tashin nakiyar da aka binne ƙarƙashin ramukan Jamus a tudun Hawthorn. A wannan yini kaɗai Ingila ta yi hasarar mutum 57,470, cikinsu 19,240 suka mutu.

Aka haɗa hotunan suka wuce sa'a guda, aka nuna su a Agusta 1916. Cikin mako shida aka sayar da tikiti wajen miliyan 20, har Sarki George V ya kalla a fadar Windsor. Jama'a suka ga masu rauni ana ɗauke da su a kafaɗa, da kamammun Jamus, da gawawwaki ana binnewa. Duk waɗannan gaskiya ne.

Amma wurin da ya fi girgiza masu kallo, inda soja ke fita daga rami wani ya zame ya faɗi, masana sun yarda cewa shirya shi aka yi, nesa da bakin daga. Kuma ko da yake an nuna gawa, ba inda aka faɗi yawan waɗanda suka mutu. Gidan tarihin Imperial War Museum na Landan ke ajiye da majigin, UNESCO kuwa ta sa shi cikin kundin abubuwan tarihi na duniya a 2005.

Abin Lura

Hakimai da malaman ofis sun san cewa alƙali ba ya yanke hukunci don shaida ya iya magana, sai ya bincika inda yake sa'ad da abin ya faru. Haka ya kamata a yi wa hoton yaƙi, tsoho ko sabo. A tambaya: wa ya ɗauka, a ina ya tsaya, wa ya ba shi izini, me kuma aka bari ba a nuna ba? In talakawa suka zo neman bayani a kan abin da suka gani, da waɗannan tambayoyi ya kamata a fara.