Yadda birnin Landan ya kai taimakon masu damuwa cikin salula

Ba jiki kaɗai ke ciwo ba. Zuciya ma tana ciwo. Mutum yana ci, yana sha, yana fita aikinsa, amma in dare ya yi idonsa biyu har asuba. A wannan fitowa za mu leƙa Landan, babban birnin ƙasar Ingila, mu ga dabarar da aka yi wa irin waɗannan mutane.

Landan tana da mutane wajen miliyan 9, masu magana da harsuna fiye da 300. A shekarar 2014 an yi bincike a Ingila. An gano cewa baligi 1 cikin 6 yana fama da damuwa, ko fargaba, ko ƙuncin rai. Cikin masu faman nan, wajen 1 cikin 3 ne kawai ke samun magani a lokacin. Ba kuɗi ne ya hana su ba, domin tun 1948 ganin likitan gwamnati kyauta ne a can. Wani kunya ce ta hana shi. Wani yana tsoron a ce ya taɓu. Wani kuma bai ma san cewa abin da ke damunsa ciwo ne mai magani ba.

Saboda haka a shekarar 2017, hukumar lafiya ta ƙasar, wadda ake kira NHS, ta haɗa kai da ƙananan hukumomin birnin, da goyon bayan magajin gari. Suka buɗe wani shafi a intanet mai suna Good Thinking, wato kyakkyawan tunani. Aka ce duk mazaunin Landan yana iya shiga da salularsa, dare ko rana, kyauta, ba sai da takardar likita ba.

Ta ƙofar barci aka shiga

Kafin a gina shafin, sai da aka zauna da mutanen gari aka saurare su. Wannan shi ne abin da ya fi burge mu cikin aikin. Mai damuwa ba ya cewa yana da ciwon ƙwaƙwalwa. Cewa yake yi barci ya ƙaurace masa, ko ya gaji, ko gabansa yana faɗuwa. Rashin barci kuwa ba abin kunya ba ne, kowa yana iya faɗarsa gaban jama'a. Sai masu aikin suka ɗauki kalmomin mutane, suka ajiye na likitoci. Suka tsayar da abubuwa 4: rashin barci, fargaba, matsin rayuwa da ƙuncin rai.

Ba su kuma zauna suna jira a zo ba. Sun san cewa wanda ya kasa barci da tsakar dare salularsa yake ɗauka. Sai suka sayi gurbin talla a Google da Facebook. In mutum ya rubuta cewa ba ya iya barci, sai sanarwar shafin ta fito masa. In ya danna, sai a yi masa ƴan tambayoyi. Tun yaushe abin ya fara? Yana hana shi aiki? Daga amsarsa ake nuna masa abin da ya dace da shi: shawara a rubuce, ko darasin da zai bi sannu a hankali cikin salula, ko adireshin ma'aikatan lafiya na unguwarsa. Darussan ma sai da masana lafiya suka duba su kafin a sa su, domin intanet kasuwa ce, akwai na gari akwai na jabu.

Shawarar da likitoci ke bayarwa a kan barci mai sauƙi ce. A riƙa tashi lokaci ɗaya kowace safiya. A bar kofi da shayi mai ƙarfi tun da yamma. In an kwanta wajen minti 20 barci bai zo ba, a tashi a yi wani abu mai kwantar da rai, sai an ji gyangyaɗi a koma. A kuma ajiye salula nesa da shimfiɗa. Abin dariya, salular ce da kanta ke cewa a ajiye ta!

Daga baya aka ga cewa magana ɗaya ba ta isar kowa a gari mai jinsi da yawa. Sai aka zauna da Musulmi, da Kirista, da Yahudawa, da mabiya wasu addinai. Aka rubuta wa kowane ɓangare ƴar takarda da ta dace da koyarwarsa. Hanyoyi 5 ne a ciki: sada zumunci, motsa jiki, lura da abin da ke kewaye da mutum, neman ilimi, da kyautata wa wasu.

Inda salula ba ta kaiwa

A ganinmu dabarar tana da iyaka. Tsohon da bai saba da intanet ba ya rage a baya. Haka baƙon da ba ya karanta Ingilishi sosai, da talakan da kuɗin salula ya fi ƙarfinsa. Sau da yawa kuwa su ne damuwa ta fi danne wa. Akwai kuma batun sirri. Tallar nan tana samun mutum ne ta abin da ya rubuta shi kaɗai cikin dare. Ke nan manyan kamfanonin intanet sun san halin da yake ciki, ko da matarsa ba ta sani ba.

Shafin kuma ba likita ba ne. An yi shi don ciwon da bai yi nisa ba. Wanda ya kai ga tunanin kashe kansa, mutum yake bukata, mai saurarensa nan take. Don haka aka ware wuri a shafin mai nuna lambobin gaggawa. A Ingila in rai yana cikin haɗari 999 ake kira. Tun shekarar 2024 kuma, wanda hankalinsa ya tashi ƙwarai yana iya kiran 111 ya zaɓi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, a haɗa shi da ma'aikacin da aka horar, ko da ƙarfe 3 na dare ne.