Funfunar da ke kashe ƙwari: daga kurmi zuwa gonakin Nijar

0. Gabatarwa

Abin da Faransanci ke kira « champignon entomopathogène » ba shi da suna tsayayye a Hausa. A wannan takarda mun zaɓi « funfuna mai kashe ƙwari », tun da Bahaushe ya san funfuna (hunhuna a karin yamma) a kan tuwon da ya kwana biyu. « Naman kaza » bai dace ba, domin yana nufin wanda ke tsirowa a ƙasa da damina. Ƙwayar da funfuna ke yaɗuwa da ita kuwa, wato « spore », mun kira ta « ƙurar iri ».

1. Yadda take aiki

Ƙurar iri takan manne a jikin ƙwaro, ta tsiro, ta huda ɓawonsa, sannan ta bazu a cikinsa tana cin sa har ya mutu. A kurmin ƙasashe masu zafi, Ophiocordyceps unilateralis, wadda ƴan'uwan nan Tulasne suka bayyana a 1865, takan sa tururuwa ta bar gidanta, ta hau tsiro, ta ciji ganye, ta mutu a maƙale. Bayan ƴan kwanaki sai wani tsinke ya ɓullo daga ƙeyarta ya zubo da ƙurar iri a kan masu wucewa. Gibellula kuma gizo-gizo take kamawa.

2. Misalin Nijar

Bayan annobar fara ta 1986 zuwa 1989, wadda aka yaƙa da feshin guba mai yawa, an kafa shirin LUBILOSA a 1989, tare da CABI, da IITA ta Kwatano, da CILSS ta hanyar sashenta na Yamai. Irin funfunar da shirin ya dogara a kai, IMI 330189, a jikin wata fara ta Nijar aka samo shi a 1988. Sunanta a yau Metarhizium acridum. Matsalar ita ce funfuna laima take so, Sahel kuwa busasshe ne. Sai aka gauraya ƙurar iri da mai maimakon ruwa, abin da ya ba ta damar kama fara ko da a fari. An gwada maganin a yankin Maine-Sorowa, aka sa masa suna Green Muscle. Shirin ya ƙare a 2002.

Maganin ba ya kisa nan take: yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, kuma farar da ta kamu takan sha rana don ta ɗaga zafin jikinta, ta rage wa funfunar ƙarfi. Gawar takan yi ja, daga baya ta yi kore idan ta sami laima.

3. Kammalawa

A ƙasar da fara take abokiyar gabar gero, kuma abin soyawa a kai kasuwa, manomi yana da haƙƙin sanin abin da aka fesa. In an ce masa « guba », zai jira fara ta zube a ranar, in ba ta zube ba ya ce maganin jabu ne. In an ce masa « ciwon fara », zai ba shi lokaci. Muna roƙon abokan aiki su gwada waɗannan kalmomi a karin Maraɗi, Damagaram da Ader, su sanar da mu sakamakon.