Sauya gaɓar ƙugu: rabin aikin a gida yake

A gundumomin Magarya da Dungas, wanda ciwon ƙugu ya addaba yakan fara da mai ɗori, sa'an nan mai sayar da magani. Sai tafiya ta gagara ake zuwa Damagaram ɗaukar hoton ƙashi, likita ya ce gaɓar ta cinye. Ba tsofaffi kaɗai abin yake samu ba: ciwon sikila yakan hana jini isa kan ƙashin cinya, har ya naƙasa saurayi.

Idan magani ya kasa, akan cire gaɓar a sa ta ƙarfe da roba, dabarar da likita John Charnley ya inganta a Ingila a 1962. Mutanen kan iyaka sun san hanyar Kano, inda asibitin ƙashi na Dala yake tun 1959. Sabuwar gaɓa takan yi shekara 15 zuwa 20, wani lokaci fiye.

Amma tiyata ba ita ce duka ba. Kafin ranar, wajibi ne a daidaita hawan jini da ciwon sukari, a bar taba, a yi maganin ruɓaɓɓen haƙori ko gyambo, domin ƙwayar cuta tana iya bin jini ta kama ƙarfen. Ɗan kasuwa ya nemi amintaccen da zai riƙe masa rumfa wata biyu ko uku. Ma'aikaci kuwa ya tanadi takardar hutun jinya.

Babbar wahala tana gida, don rayuwarmu a ƙasa take: tabarma, akushi, tsuguno a makewayi. A makonni shida na farko likitoci sukan hana tsuguno, da harɗe ƙafa, da zama kan abu gajere, kada gaɓar ta goce. Saboda haka a tanadi gado mai tudu da kujera doguwa, har ta makewayi, tun kafin a tafi. Salla a yi ta bisa kujera. Kabu-kabu a jingine shi.

Kwanciya kuma ba magani ba ce. Washegarin aiki ake fara takawa da sanda, don hana daskarewar jini a ƙafa. In an ga zazzaɓi, ko ruwa daga ɗinki, ko kumburin sha-raɓa, ko numfashi na sarƙewa, a koma asibiti nan take.

Sannu ba ta hana zuwa.